Wasiƙa ga Kawu daga Ingila: yadda ƙaramar hukuma take tsara shekararta a nan

Assalamu alaikum Kawu. Ina fata kuna lafiya da iyali baki ɗaya. Ya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi.

Kun tambaye ni ko su ma Turawa suna da ciyaman da kansiloli, kuma in suna da su, me suke yi da kuɗin jama'a. Tun da kun yi shekaru a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma har kuka ajiye aiki, na san amsar baka ba za ta ishe ku ba, shi ya sa na zauna na rubuta, na kuma sa ta inda wasu za su gani.

Kansiloli akwai su. Ciyaman irin namu ne babu a yawancin wurare. Kansilolin jam'iyyar da ta fi rinjaye su ke fitar da jagora a cikinsu, shi kuma ya raba ayyuka: wannan ya riƙe gidaje, wancan ya riƙe yara da makarantu, wani ya riƙe hanyoyi da shara. Birmingham, wadda take maƙwabtaka da garin da nake zaune, tana da kansiloli 101 a mazaɓu 69, mutanenta sun haura miliyan 1.1, kuma duk wannan ƙaramar hukuma guda ce.

Abin da ya fara sanar da ni cewa akwai hukuma a kaina wata takarda ce da take zuwa kowane gida a watan Maris. Takardar harajin gida ce. Mazaunin gidan ne yake biya, ko da haya yake yi. A jikinta an rubuta adireshi, da rukunin da gidan ya faɗa, da jimlar kuɗin shekara. A ƙasa an fayyace: ga kason ƙaramar hukuma, ga na kula da tsofaffi da masu buƙata, ga na 'yan sanda, ga na 'yan kwana-kwana, kuma a gaban kowane layi an sa kashi nawa aka ƙara a kan na bara. Rukunan gidaje takwas ne, daga A zuwa H, an kasa su bisa darajar da gida yake da ita a 1991. Na H yana biyan ninki uku na abin da na A yake biya. A shekarar kuɗi ta 2025/26, matsakaicin abin da gidan rukunin D yake biya a Ingila fam 2,280 ne. Yawanci ana biya kashi goma, daga Afrilu zuwa Janairu. Wanda yake zaune shi kaɗai ana yafe masa kashi 25 cikin ɗari, gidan da duk ɗalibai ne a ciki kuwa ba ya biya. Wanda ya ƙi biya, sammacin kotu zai same shi har gida.

Kuɗi ne mai ciwo, Kawu, ba zan ɓoye muku ba. Amma ciwon nan shi yake sa tsohuwar da take dogara sanda ta je ta tare kansila ta ce masa fitilar layinsu ta mutu, kuma ta faɗa da ƙarfin gwiwa, ba da roƙo ba. Kamar adashi ne: mai zubi shi yake da bakin tambayar uwar adashi ina aka kwana.

Shekarar kuɗinsu tana farawa ran 1 ga Afrilu. Tun wajen ƙarshen shekara hukuma take fitar da daftarin abin da take son yi, ta ce ga abin da muke sa ran samu, ga giɓin da ya rage, ga inda muke so mu rage, me kuka gani? Ana cike takardar jin ra'ayi a intanet ko a ɗakin karatu. A Fabrairu ko farkon Maris kansiloli duka su taru su yi muhawara su kaɗa ƙuri'a, domin doka ta ce a gama kafin 11 ga Maris, kuma ta hana su zartar da kasafin da kashewa ta fi samu. Kowa yana iya shiga zauren ya zauna a benen 'yan kallo, da yawa daga cikin hukumomin kuma suna haska zaman kai tsaye. In babbar hukuma irin ta Birmingham tana so ta ƙara haraji da kashi 5 cikin ɗari ko fiye, sai ta kira ƙuri'ar raba gardama, ko kuma gwamnatin Landan ta ba ta izini na musamman.

Kasafin shekara yana rataye ne a jikin wani tsari na shekaru uku ko huɗu, wanda a cikinsa suke jera 'yan abubuwan da suka sa a gaba, kamar gidaje, tsaftar unguwanni, ayyukan yi, lafiyar yara. Kalaman da ake buɗe irin wannan takarda da su ba su bambanta da na 'yan siyasarmu ba, daɗin baki ne ko'ina. Inda bambancin yake shi ne shafukan baya. Can za ku ga kowane alkawari da adadinsa, da watan da za a gama, da ofishin da aka ɗora wa. Bayan kowane wata uku a kawo rahoto, a yawancin hukumomi da launi: kore an cim ma, rawaya ana tangal-tangal, ja an gaza. Na ga ja da idona a takardar da hukuma ta buga da kanta. Haka nan doka ta tilasta musu su riƙa wallafa duk wani kashe kuɗi da ya wuce fam 500, da sunan wanda aka biya. Ku da kuka san yadda takardar biya take yawo daga tebur zuwa tebur, kun fi ni sanin nauyin wannan.

Da na fara karanta kasafin, hanyoyi da gine-gine na je nema, don a wurinmu aikin ƙaramar hukuma shi ne kwalbati da rijiyar burtsatse da gyaran aji. Sai na tarar kaso mafi tsoka, a hukumomi da yawa fiye da rabi, yana tafiya ne wajen kula da tsofaffi da naƙasassu da yaran da aka karɓe daga hannun iyayensu. 'Yan Najeriya da dama da suka shigo ƙasar nan a 'yan shekarun nan aikin da suke yi ke nan, su yi wa tsoho wanka, su ba shi magani, su juya shi a gado, kuma in aka bi sawun albashinsu, mai yawa daga wannan aljihu yake fitowa. A nan ne nake ganin mun fi su. Abin da Inna take samu daga 'ya'yanta da jikokinta da matan gida, su sai an yi masa kasafi, kuma kasafin ba ya isa. Sai dai mu ma kada mu ruɗi kanmu: tsohon da ba shi da kowa a garinmu, da mai taɓin hankalin da yake kwana a tasha, babu layinsu a kasafin kowa.

Kun tambayi kaya da kasuwa. Abincinmu ana samu a unguwannin Birmingham irin su Alum Rock da Small Heath, amma doya da kuɓewa da attaruhu kayan marmari ne a nan saboda tsada, kuka da daddawa kuwa sai an yi saƙo. Shinkafa da madara da burodi su ne masu sauƙi in aka auna da abin da mutum yake samu. Hannun hukuma a kasuwa shi ya fi ɗaukar hankalina. A ƙofar mahautar da nake sayen naman halal akwai wata koriyar takarda manne a gilashi, da lambobi daga 0 zuwa 5, an zagaye wadda ya samu. Ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma ne yake shigowa ba sanarwa, ya duba firji, ya duba katakon sara, ya duba wurin wanke hannu, ya ba da maki. A Ingila ba dole ba ne a manna takardar, amma wanda ya sami 5 ba ya ɓoyewa, na sauran kuma yana nan a intanet. Sikelin ma wani sashe na hukumar ne yake gwada shi, kilo ya zama kilo. Na tuna labarin duba-gari da kuke ba mu, masu leƙa randa da masai. Ashe ba sabon abu ba ne a wurinmu, mun taɓa yi, muka saki.

Ruwa da wuta ba sa hannun ƙaramar hukuma yanzu, na kamfanoni ne, kuma kowanne da takardar biyansa daban. Amma asalin ruwan Birmingham aikin majalisar gari ne. Joseph Chamberlain, da ya zama magajin gari a 1873, shi ya mayar da iskar gas da ruwa hannun gari. Waɗanda suka biyo bayansa suka je har kwarin Elan a yankin Wales suka gina madatsun ruwa, aka buɗe a 1904, ruwan yana gangarowa da kansa tafiyar mil 73, kuma har yau shi birnin yake sha. Kano ma ai En'e ce ta kafa aikin ruwan Challawa a farkon shekarun 1930, da kuɗin baitulmali.

Kada ku ɗauka komai yana tafiya daidai. Birmingham ɗin nan, ran 5 ga Satumba 2023, ta fito ta ce kuɗinta ba zai iya biyan abin da ke kanta ba. Dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta 1988 ta tanadi wannan a sashe na 114: babban jami'in kuɗi ya sanar, a tsayar da duk wani sabon kashe kuɗi sai na dole. Dalili na farko haƙƙin mata ne. Shekara da shekaru ana ba maza masu kwasar shara da masu sharar titi alawus ɗin da ba a ba mata masu girki da goge-goge da kula da tsofaffi, alhali matakin aikinsu ɗaya. Matan suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba su hanya a 2012, hukuma ta biya fiye da fam biliyan ɗaya, sannan a 2023 aka ƙiyasta akwai sauran da zai iya kaiwa fam miliyan 760. Ga kuma wata sabuwar manhajar lissafin kuɗi da aka girka a 2022, ta ƙi aiki yadda ake so, kuɗin gyaranta ya ninka na sayenta sau da yawa. Gwamnati ta turo kwamishinoni su sa ido. Kasafin Maris 2024 ya zo da ragin kusan fam miliyan 300 cikin shekara biyu, da rage hasken fitilun titi, da yanke tallafin wasanni da al'adu, da sayar da kadarori. Haraji kuma ya hau da kashi 9.99 a shekarar, ya sake hawa da 7.49 a mai bi mata. Mutane suka biya fiye, suka sami ƙasa da da. A 2025 masu kwasar shara suka shiga yajin aiki, har a ƙarshen Maris hukumar ta ce tan 17,000 na shara ne jibge a tituna. Ba ita kaɗai ba ce: Croydon, Slough, Thurrock, Woking da Nottingham duk sun yi irin wannan sanarwa tsakanin 2020 da 2023.

Wani abu da ya kamata masu son yanke kyalle su ji: babban ɗakin karatun Birmingham, wanda Malala ta buɗe a 2013, ya ci kusan fam miliyan 189. Shekara biyu bayan nan aka rage lokacin buɗe shi daga awa 73 a mako zuwa 40, domin kuɗin gini daban, kuɗin albashi da wuta daban.

Duk da haka, abin da na riƙe shi ne faɗuwar a fili aka yi ta. An san ranar, an san adadin, an san dalilin, kuma mutumin gari yana iya karanta takardun ya gane inda aka kuskure. Tsarin nasu yana da nasa zalunci, domin ƙiyasin 1991 ya tsufa, talaka yana biyan kaso mafi nauyi na abin da yake samu fiye da attajiri, kuma a zaɓen kansiloli sau da yawa kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai yake fitowa. Amma wanda ya so ya sani, zai sani.

Mu kuwa ƙananan hukumominmu 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya. Kuɗin daga Abuja yake saukowa, shekara da shekaru yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, shi ya sa idon ciyaman yake kan gidan gwamnati, ba kan mai shago a bakin kasuwa ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Na yi murna da hukuncin, amma kuɗi ya shigo kai tsaye ba tare da takardar da jama'a za su karanta ba, hannun da yake riƙewa ne kawai ya sauya. Ba ina cewa a dawo da haraji da jangali ba. Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke su ne saboda azabar da talaka ya sha, kuma sun yi daidai. Ai ko yanzu ana karɓar kuɗin rumfa da na tasha da na mayanka, kuma jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da kwasar shara. Mai biyan kuɗin rumfa yana da haƙƙin ya ga jimlar abin da aka tara a wata da abin da aka yi da shi. Wannan ba ya buƙatar intanet. Allon sanarwa a ƙofar sakatariya da takarda biyu da Hausa sun isa, a kuma karanta wa jama'a a ƙofar mai unguwa.

Tun da kansilan mazaɓarmu yana jin maganarku, Kawu, ina roƙo ku tambaye shi ko magudanar ruwan bayan kasuwa tana cikin kasafin bana, nawa aka ware mata, kuma a wane wata za a fara, tun damina ba ta sauka ba. In ya ce tana ciki, ya nuna muku shafin, Yaya ya ɗauki hotonsa ya turo mini.

A gaida Inna da Gwaggo da yara duka. Wassalam.