Hattara da masu kwashe kaya na bogi da siton da ba shi da mai shi a Katsina

Assalamu alaikum jama'ar Katsina da kewaye. Wannan jan kunne ne ga mai shirin tashi daga gida, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, da masu kai kayan amarya wani gari. Akwai shafuka a Facebook da TikTok da WhatsApp masu kiran kansu kamfanin kwashe kaya da ajiya, da hotunan fararen motoci masu ƙyalli. Wasunsu ko baro ba su mallaka ba. Tambayar farko ita ce: wanda zai karɓi kuɗinka shi ne wanda zai riƙe kayanka? In amsar a'a ce, to dakata.

Damfarar da ta fi cin mutane ita ce ta shiga tsakani, domin mota tana zuwa da gaske. Ka kira lambar da ka gani, ka ce za ka kwashe ɗaki biyu da falo daga Kofar Ƙaura zuwa Kano. Mutumin zai yanka maka farashi mai sauƙi ba tare da ya ga kayan ba. Yana kashe waya sai ya kira wani direban kanta (motar ɗaukar kaya) na gaskiya a tasha, ya ce shi ne mai kayan, ya amince da duk abin da direban ya faɗa, ya ce ƙanensa yana gida zai biya in an sauke. Kai kuma ya ce maka yaronsa yana tafe, amma kada ka yi maganar kuɗi da shi, ofis kaɗai ake biya. Mota ta tsaya a ƙofar gida, 'yan dako sun fara lodi, hankalinka ya kwanta, ka tura kuɗin. Sai an isa Kano direba ya miƙo hannu, kai ka nuna masa alat, shi ya ce bai san wannan sunan ba. Lambar kuwa a kashe. Direba ba zai kwance igiya ba sai an biya shi, kuma yana da gaskiya, tunda shi ma cutarsa aka yi. Maganin bai wuce tambaya biyu ba kafin a ɗaga ko kujera ɗaya: Malam direba, nawa aka yi da kai, kuma wa zai biya ka?

Ta biyu ita ce garkuwa da kaya. A yi ciniki da arha, sai mota ta cika an ja tampol a ce kayan sun fi yadda ka faɗa, ko a ƙirƙiro kuɗin bene, kuɗin lebura, kuɗin shingen hanya. Tun wurin farashi ake gane wannan. Daga Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne, zuwa da dawowa 340, kanta mai lodi kuwa za ta sha man dizal wajen lita 50 zuwa 70. Buga wannan da farashin lita na ranar, ka ɗora haƙƙin direba da yaron mota da 'yan dako huɗu. Wanda ya sauko ƙasa da haka, ko dai yana da lodin dawowa, wanda zai iya faɗa maka ko na wane ne, ko kuma yana jira kayanka su hau mota ne ya faɗi farashin gaskiya. Araha ba ta ado.

Akwai kuma haɗa lodi ba da saninka ba. Wannan ya fi haɗari a jiharmu saboda iyakokin Jibiya da Kongolam. In aka cusa buhunan shinkafar waje ko jarkokin mai a ƙarƙashin katifunka, kwastam suka tare motar, da kayanka za ta kwana a hannunsu. Ka leƙa bayan mota tun tana fanko, kuma ɗan'uwanka ya zauna gaba har a sauke. Direban da ya ƙi a bi shi, a sallame shi.

Kafin ka biya ko sisi, je ka ga ofishin da idonka. In sun ce kamfani ne, karɓi lambar rajistarsu, mai farawa da RC ko BN, ka duba ta a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kyauta ne. Sunan da ya fito dole ya dace da sunan asusun da za ka tura wa kuɗi. Kamfanin da ke cewa a tura asusun wani mutum daban saboda nasu yana da matsala, ka san inda aka dosa. In kuma direban tasha ne, wanda shi ne akasarin masu wannan aiki a nan kuma ba aibi ba ne, je tashar ka sa shugaban reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW ko ta masu motocin haya ta NARTO ya shaida cewa ɗansu ne. Ɗan kamasho yana da la'adarsa, amma a faɗe ta a gaban direba. Ɗauki hoton lambar motar gaba da baya, da lasin direba, da takardun mota, ka duba ko lambar da ke takarda ita ce a jikin motar. Game da inshora, kada a ruɗe ka: wadda yawancin motoci ke da ita ta ɓarnar da mota ta yi wa wani ce a hanya, ba ta biyan firijinka in ya fashe. Ta kayan da ke cikin mota daban ce, sai ka ga takardarta da sunan kamfanin inshorar.

A rubuta yarjejeniya ko da a fallen takarda ɗaya: inda za a ɗauka, inda za a sauke, hawa na nawa, jimillar kuɗi, wa zai biya 'yan dako, wa zai biya abin da ya karye. Kowa ya sa hannu da shaida ɗaya. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, shi ma sai mota ta zo. Ragowar sai an sauke an ƙirga. Kowane kwali a rubuta masa lamba, a ƙirga wurin hawa, a ƙirga wurin sauka. Zinari, takardun fili da na makaranta su bi jikinka.

Sai batun sito, inda ɓarnar ba ta bayyana sai bayan watanni. Wani zai karɓi hayar shago da saura wata biyu ta ƙare, ya karɓi kuɗin ajiyar shekara a hannun mutum uku, ya ɓace. Ranar da mai shagon ya zo ya fasa kwaɗo, ba shi da alƙawari da kowa. Don haka nemi ganin mai ginin ko rasit ɗin haya mai nuna ranar ƙarewa, ka tambayi maƙwabtan shagon da mai unguwa. Kwaɗo ya zama naka, sabo, kai ka saye shi. Wanda suka ba ka yana zuwa da makulli uku kuma biyu za ka gani. Karanta sharaɗin jinkirin biya da kyau, domin nan ake ɓoye cewa in ka yi latti za su yi gwanjon kayan. A rubuta kwana nawa ne, da yadda za a sanar da kai.

Ko mai siton ba ɓarawo ba ne, ɗakin kansa yana iya cinye kaya. Shiga da rana ka rufe ƙofa: duk inda haske ya ratso ta kwano, ruwan Agusta zai ratso. Duba gindin bango ko akwai farin gishiri da fentin da ya kumbura, alamar danshi ke nan, ka duba hanyar gara a kusurwa da kashin ɓera. Gadaje da wardirof na katakon zamani da ake matsawa daga dusar katako suna shan danshi su kumbura, kuma ba su komawa. A ɗora komai kan katako ko bulo, tazarar kamar santimita 15 daga daɓe, tafin hannu ɗaya daga bango. Kada a naɗe kujeru da katifa cikin leda ruf, gumi zai taru su yi funfuna. Tsohon zanen gado ya fi.

Masu tallar kwantena suna cewa ta fi tsaro. Mai ƙafa 20 tsawonta kusan mita 6 ne, faɗinta kusan 2.4, tana ɗaukar kayan gida matsakaici. Amma ƙarfe ce. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40 a inuwa, cikinta tanda ne: fatar kujera ta tsattsage, gam ya saki, batirin sola ya lalace. In babu rumfa a kanta da kafar iska, kada a sa talabijin ko batir. Janareta a tsiyaye masa mai, tukunyar gas kada ta shiga sito sam, firiji a wanke shi ya bushe a bar ƙofarsa a ɗan buɗe. A mota ma a tsaye ake ɗaukarsa, a bar shi ya huta wasu awanni kafin a jona.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa a ranar da rasit ɗin tiransifa ya shigar da ƙorafin damfara, don a nemi bankin da kuɗin ya shiga ya riƙe asusun kafin a kwashe. Daga nan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ko EFCC. Kada ya goge hirar WhatsApp, kuma ya ɗauki hoton shafin da lambobin wayar tun kafin a canja musu suna.