Camry “Muscle” a titunan Abuja

Harufan LE, SE da XLE da ke bayan Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira “Muscle”, kayan ado suke nunawa, ba girman inji ba. Buɗe bonet ka duba: akwai mai silinda huɗu, akwai mai silinda shida (V6) mai lita 3.5, wanda ke zuƙe fetur a cunkoson Nyanya, musamman da AC a kunne. Mai silinda huɗu ya fi sauƙin riƙewa, sai dai injin 2.4 na 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda ringin fistan, na 2.5 daga 2010 ya fi.

Don sanin ainihin fetur ɗin da motar ke sha, cika tanki, mayar da mitar ƙirga tafiya sifiri, sake cikawa bayan mako, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ka ƙara. Idan ’yar Amurka ce, mil take ƙirgawa: ninka da 1.6.