Littafin rubutu da kundi: wanne ya dace da abin da ɗalibi ke ɗaukar darasi a ciki?

Malam, ka tambaya ko daidai ne ka kira littafin da kake ɗaukar bayanin lacca a cikinsa "kundi", ko kuwa sai dai "littafin rubutu". Kalmomin biyu suna kusa da juna, amma ba sa zama a mazauni ɗaya.

Littafin rubutu shi ne wanda ake saya a kanti babu komai a cikinsa sai layuka, mai warƙa 40 ko 60 ko 80, sau da yawa da jadawalin sau a bangon baya. Ana ƙara "rubutu" ne domin a raba shi da littafin karatu, wanda aka riga aka buga. A Maraɗi da Damagaram za ka ji ɗalibai suna cewa "kaye", aro daga Faransanci, kamar yadda a Kano ake cewa "jota" ga ƙaramin da ake rabawa a wurin biki da hoton ango da amarya a bango.

Kundi kuwa asalinsa na malaman zaure ne. Takardu ne warwatse, ba ɗinkakku ba, waɗanda malami ya tara shekara da shekaru, ya kwafi addu'o'i da laƙani da hatimi da fa'idojin da ya karɓa daga malamansa, wasu da Larabci wasu da ajami, ya naɗe su cikin fata yana ɓoyonsu. Akan gaje shi, kuma ba kowane almajiri ake bari ya buɗe ba. Saboda wannan nauyi ne, a ganina, kalmar ta dace da manyan rubuce-rubuce na zamani: ana cewa kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, ana kuma cewa kundin digiri ga binciken da ɗalibi ke miƙawa a jami'a kafin ya kammala.

Don haka idan ka aiki yaro kanti, ce masa ya sayo littafin rubutu, domin in ya ce kundi mai kanti zai tsaya yana kallonsa. Wanda kake ɗaukar lacca a ciki ma littafin rubutu ne, ko ka ce littafin lissafi ko na tarihi, gwargwadon darasin. Amma idan ka daɗe kana tara karin magana ko magungunan gargajiya a wuri guda, har ya zama abin da ake nema a wurinka, ba wanda zai ga laifinka in ka ce kundinka ne.