Kafin ka sayi sabuwar kwandansa

Ba kowace kwandansar da aka cire ba ce ta mutu. Aikinta shi ne ta watsar da zafin da gas ya kwaso daga cikin firji ko ɗakin sanyi, har gas ɗin ya koma ruwa. Duk abin da ya hana iska ratsa ta zai sa matsin gas ya hau, kwamfuresa (injin da ke matsa gas ɗin yana tura shi) ta riƙa zafi tana yankewa, sanyi ya ragu. Ƙura kan jawo haka, haka ma matacciyar fanka ko kafasitarta (abin da ke taimaka wa fankar tashi), ko gas da aka ɗura fiye da ƙima, ko iskar da aka bari a cikin bututu. Sabuwar kwandansa ba ta maganin ko ɗaya cikinsu. A wanke, a duba fanka, sannan a nemi yoyo: inda mai ya jiƙa bututu, ƙura ta manne, nan ake fara zargi, a cika da naitirojin a shafa kumfar sabulu. Huda ɗaya a tagulla walda take so. Sai tsatsa ta ci wurare da dama, ko siraran fukafukan ƙarfen da ke jikin bututunta sun ruɓe suna zuba, sauyi ke wajaba.

Ga ƙaramin firjin gida zancen gajere ne: kwandansarsa ita ce baƙar ragar ƙarfen nan ta baya, mara fanka. Ko firjin da kwandansarsa ke ɓoye cikin bango, idan ta huje, akan toshe ta a ɗaura irin wannan a waje, a bar mata tazara da bango.

A manyan injina ne zaɓi yake. Akwai mai bututun tagulla da fukafukan alminiyam, akwai kuma wadda ake kira maikurocanal, alminiyam zalla mai ƙananan hanyoyi. Maikurocanal ba ta da nauyi, gas kaɗan take sha, tana kuma fitar da zafi sosai duk da ƙanƙantarta. Matsalarta sai ranar da ta huje: waldar alminiyam mai sirantaka haka ba kowane mai gyara ke iyawa ba, sau da yawa sai dai a canja ta ɗungurungum. Kuma da yake cikinta ba fili, ɗan ƙarin gas ma kan ɗaga matsi. Ni dai, inda ƙura ta yi yawa ko gwani ya yi nisa, tagulla zan ɗauka, mai fukafukai a wawware. Masu matsewa sun fi saurin toshewa. Kusa da teku, ko wace iri ce, nemi mai shafin kariya, don gishiri na cin alminiyam.

Kada ka auna girma da ido. Kwandansa na fitar da zafin da aka kwaso haɗe da na kwamfuresa, saboda haka dole ƙarfinta ya zarce ƙarfin sanyayawar injin. Duba lambar da ke jikin injin, da zafin wajen da aka ƙera ta dominsa, da irin gas: R410A ya fi R22 da R134a matsi nesa ba kusa ba, R600a da R290 kuwa suna kama wuta, ba a kai musu wutar walda sai an kwashe su tas.

Sa kuɗin sabuwar filtar diraya (ƙaramar matatar da ke tare datti da danshi a hanyar gas) a lissafinka, domin duk lokacin da aka buɗe bututu canja ta ake yi. Mai gyaran kuma ya ja bakiyum, wato ya zuƙe iska da danshi daga bututu, har ma'auni ya nuna maikuron 500, ya ɗura gas da sikeli daidai nauyin da kamfani ya rubuta.