Laccar ƙungiya ta waya: wace manhaja ta cancanci kuɗin asusu?

Da wuya ka samu ƙungiyar zumunta a Sakkwato wadda mambobinta ba su warwatsu ba. Wani yana Mabera, wani aiki ya kai shi Abuja, wani yana fatauci a Konni, wani yana karatu a Madina. In aka ce za a riƙa lacca duk wata, wanda ya fi kowa data shi ke zaɓa wa jama'a manhaja. Ni a ganina, wayar da ya kamata a fara dubawa ita ce ta dattijon da ke Wurno ko Gwadabawa, wanda sabis ke zuwa masa yana ɗaukewa.

Zoom ake fara ambata. Na kyauta yana ɗaukar mutum 100, amma minti 40 na cika yake yanke taro. Mu da muka san halinmu, kafin a buɗe da addu'a, a gaida iyayen ƙungiya, malam ya gama shimfiɗa, rabin lokacin ya tafi. Na biya yana kawar da wannan, sai dai kuɗin wata-wata ne, kuma bidiyon awa guda kan lashe rabin giga ko fiye. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne ga ɗan fansho. Ban ga dalilin biya ba sai in malamin zai nuna rubutu ko taswira, kamar darasin rabon gado.

Google Meet ya ɗan fi sassauci, minti 60 ga mutum 100, amma na kyauta ba ya naɗar taro.

WhatsApp kowa na da shi, har Hajiya da ba ta karatun boko ta iya tura murya. Zaurensa na ɗaukar mutum 1,024, kiransa kuwa 32 kacal. Ya dace da zaman shugabanni da sanarwa, ba lacca ba.

Wanda na fi karkata gare shi Telegram ne. Hirar muryarsa ba ta da wa'adin mintuna, shugaba na iya rufe bakin kowa don kukan yara da ƙarar janareta kada su danne malam, mai tambaya ya ɗaga hannu a buɗe masa. Uwa-uba yana naɗar karatun, wanda aka ɗauke wa wuta ya saurara da safe. Aibinsa ɗaya: dattawa da yawa ba su da shi, dole a wakilta wani matashi ya bi su gida-gida ya saka musu.

Facebook Live na tara jama'a, amma tun Fabrairun 2025 yake goge bidiyon kai-tsaye bayan kwana 30. Mai son ajiya ya ɗora a YouTube, ya zaɓi tsarin da sai wanda aka tura wa mahaɗin bidiyon (link) ke gani.

Kuɗin da ba a ba Zoom ba, a sayi ƙaramar makirufo mai maƙalawa a wuyan riga da fawa banki mai kyau, a kuma aje wayar malam inda iska ke kaɗawa, don zafin Afrilu kan sa waya ta mutu tsakiyar karatu. Wajen sa lokaci a tuna Saudiyya na gabanmu da awa 2: ƙarfe tara na darenmu sha ɗaya ce a Madina.