Honda CBR600F4 ko F4i: wanne ya dace da Jos?

Dukansu tsofaffin babura ne masu silinda huɗu, wajen yadda mai ke shiga injin suka rabu. F4 na 1999 da 2000 kafireta gare shi, har huɗu. Jos kuwa tudu ce, kimanin mita 1,200, iskarta ba nauyi, sai mai ya yi wa injin yawa, fulogi ya yi baƙi. Da safiyar hunturu sai an ja cok an lallashe shi. Ƙwararren bakanike dai zai wanke kafiretar ya daidaita.

F4i, fitowar 2001, kwamfuta ke auna masa mai, sanyi bai dame shi ba. Man bumburutu ne makashinsa: famfon mai ya toshe, a shiga neman na gwanjo, wataƙila har kasuwar kayan gyara ta Apo a Abuja. Duk da haka shi zan ɗauka.