Na je na ga kundin Margaret Wemyss a laburaren Edinbura

Wallahi tun ranar da na dawo abin yake min yawo a rai shi ya sa na ce bari in rubuta, ko akwai ƴan uwa ɗalibai da ke nan Sikotland da ba su san da wannan damar ba. Babban laburaren ƙasa na Sikotland nake nufi, wanda ke kan titin George IV Bridge a Edinbura. Katin shiga kyauta ne, na yi rajista ta intanet, na je da fasfo da takardar adireshi aka ɗauke ni hoto, shi ke nan. Jaka da rigar sanyi a loka ake barinsu, kayan rubutu a leda mai nuna ciki, kuma biro haram ne a ɗakin tsofaffin takardu, fensir kawai.

Abin da ya kai ni shi ne kundayen matan manyan gidajen ƙasar na zamanin da. Kundi nake ce musu don wallahi kundi ne sak irin wanda muka sani, littafin da mutum zai riƙa tara abin da ya ga ya yi masa, waƙa, addu'a, maganin ciwo, duk a wuri ɗaya da hannunsa. Na nemi na Margaret Wemyss, ƴar wani basarake ce daga yankin Fife, ta fara shi a 1643 tana ƴar shekara sha uku haka, kuma ba ta kai ashirin ba ta rasu. Ma'aikaciyar da ta kawo min shi ta ɗora shi kan soso mai taushi ta nuna min yadda zan buɗe ba tare da na danne bayansa ba, cikin fara'a, ba ta ko tambaye ni wace ce ni ba. Ni fa na ɗauka sai farfesa ake ba irin wannan.

Akwai waƙoƙin da ta kwafo, akwai kuma kiɗan lute, wani abin kiɗa ne mai tsirkiya dangin garaya, kuma da haruffa ake rubuta shi a kan layi shida, na daɗe ina kallon shafin nan ina tuna cewa yarinya ce ƙarama ta zauna da alƙalamin gashin tsuntsu ta ja waɗannan layukan, ga tawada ta koma ruwan ƙasa amma tana nan raɗau. Idona har ya kawo ruwa.

Inda wuyar take shi ne karatun. Rubutun zamanin ba irin na yanzu ba ne, harafin s dogo ne kamar f, kuma kalma ɗaya sai a rubuta ta iri biyu. Kafin ku je ku shiga shafin Scottish Handwriting ku yi darussan, kyauta ne, sati biyu na yi a kai kuma ya taimake ni sosai. Sannan ku yi odar takardar tun kafin ranar, kar ku je ku zauna jira.

Ba duka suke Edinbura ba fa. Kundin da ke ɗauke da sunan Marie Maitland da shekarar 1586 yana Kembirij ta Ingila, a laburaren Pepys, mahaifinta Sir Richard Maitland mawaƙi ne da ya makance a tsufansa, waƙoƙinsa suna ciki da yawa. Na Elizabeth Melville kuma, wadda aka buga waƙarta tun 1603, sai a 2002 aka gano wasu waƙoƙinta na rubutun hannu a laburaren New College, nan Edinbura, tafiyar minti kaɗan a ƙafa daga babban laburaren. Kusan shekara 400 suna ajiye ba wanda ya san nata ne, wannan ya ba ni takaici ƙwarai. New College ɗin zan nufa wata mai zuwa in Allah ya yarda, na riga na aika musu imel.